Rawar kan ƙanƙara: a ina kuka fara ganin Marie-France Dubreuil?

Ɗan Damagaram a Montreal: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kai 'yata koyon takalmin ƙanƙara, sai na ji iyayen yara suna ta ambaton Dubreuil, tsohuwar 'yar rawar kan ƙanƙara ta Kanada, kamar wata sarauniya. Ni kuwa ban san ta da komai ba sai faɗuwa. Ku fa?

Tsohuwar ɗaliba: Wa alaikumus salam. Ai ni a idona aka yi, a talabijin ɗin ɗakin kwananmu, lokacin Olamfik na Turin a 2006. Rawar ta zo ƙarshe, abokin rawarta Patrice Lauzon ya ɗaga ta yana juyi da ita, sai hannunta ya kuɓuce, ta faɗi tim a kan ƙugu. Shayin da ke hannuna sai da ya zube mini a zane. Shi ya ɗauke ta cak ya fitar da ita daga fili, kuma dole suka janye daga gasar. Na ce to, shi ke nan, an gama da baiwar Allah. Bayan wata guda sai ga su a Kalgari sun zo na biyu a gasar duniya, suka sake yin haka a Tokyo a 2007. A 2008 suka yi aure. Wannan kam ban yi mamaki ba.

Autan gida: Anti, ni lokacin ko firamare ban shiga ba. A bakin shinge na san ta, bayan ta zama koci, tana tsaye tana kallon ɗalibanta. Na tashi da tsakar dare don gasar PyeongChang ta 2018: Virtue da Moir zinare, Papadakis da Cizeron azurfa, duk 'yan makarantarsu ta Montreal. Na yi ta tunanin wa za ta fara runguma.

Direba a Liyon: Ku dai yi adalci. Koci Romain Haguenauer ne ya tafi da Papadakis da Cizeron daga nan garin zuwa Montreal a 2014, shekara na zagayowa suka ci gasar duniya. Wani fasinjana har yau haushin tafiyar yake ji. Su uku ne ke aikin, ita da mijinta da shi.

Autan gida: Gaskiya ne Yaya. A Beijin ma a 2022 na ɗaya da na uku da na huɗu duk nasu ne.

Ɗan Damagaram a Montreal: Na gode. Tunda ana maganar faɗuwa, bari in tona wa kaina asiri. Yarinyar ta matsa sai na sa takalmin haya. Taku uku na yi, ƙafafu suka yi gaba, ni na yi baya. Ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, lanƙwasa gwiwa ake yi." Yau kwana biyu ke nan a zaune nake sallah.