Me za mu kira "stormwater" da Hausa?

Malamai masana harshe da injiniyoyinmu, ku zo mu yi shawara. Wannan kalma ta Turanci, wadda ke nufin ruwan saman da ke gudu a titunan gari, ta cika takardun tsara birane, kuma har yau ba mu tsayar mata da suna ba. Wasu masu fassara suna rubuta "ruwan guguwa". Wannan kam a ajiye shi gefe, guguwa iska ce, ruwan da ake magana a kai kuwa ba ruwansa da iska.

"Ruwan sama" ma ya yi faɗi. Wanda ya sauka a gona ƙasa ta shanye ba shi ake nufi ba. Ana nufin wanda ya faɗo kan kwanon rufi da kwalta da daɓen siminti, ya rasa inda zai nitse, sai ya bi gangare yana kwasar baƙin mai da leda da yashi. A daji, kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan ne ke gudu a saman ƙasa. A tsakiyar birnin da aka shafe da siminti yakan haura rabi.

"Ambaliya" fa? Ita ce abin da ke biyo baya idan ba a yi wa ruwan hanya ba. Dokar da ta ce ambaliya, sai gidaje sun rushe za ta motsa.

Wanda na fi tsoro shi ne "ruwan kwata", don shi baki ya fi sabawa da shi. Ruwan kwata na wanka ne da wanki da wanke-wanke, yana fita kullum, rani da damina, kuma an san adadinsa. Ruwan da muke nema wa suna kuwa zuwan bazata yake yi, da yawa, cikin awa ɗaya ko biyu. Haɗa su a bututu ɗaya ya jawo wa manyan birane wahala. Landan, bayan warin da ya addabi birnin a 1858, ta gina magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara, waɗanda ke ɗaukar ƙazanta da ruwan sama tare. Da birnin ya cika, duk ruwa mai ƙarfi sai magudanan su tumbatsa, najasa ta zube cikin kogin Thames. Sai da aka haƙa wani rami mai tsawon kilomita 25, aka kammala haɗa shi a 2025, don ya riƙe rarar. Amurka ma ta yi dokar tsabtar ruwa a 1972, amma sai a 1987 ta yi mata gyara ya zama ruwan saman da ke gudu a gari yana da nasa tsarin izinin zubarwa. To idan sunan ɗaya ne a bakinmu, ta yaya doka za ta raba su a takarda?

Shawarata: "ruwan malala". Malala ita ce ruwa ya bazu a saman ƙasa yana tafiya ba tare da an yi masa hanya ba, kuma halin wannan ruwan ke nan.

Ku gwada shi a jumla. "Duk mai sabon gini kada ya tura wa na gangare ruwan malala fiye da yadda filin ke turawa kafin a gina shi." Ya zauna. "Kuɗin malala" ma ya zauna: garuruwa da yawa a Jamus suna cajin mai gida gwargwadon faɗin filin da ya rufe da rufi ko siminti, wanda ya bar ƙasa ta sha ruwa ya biya kaɗan. Kwapanhagan, babban birnin Denmark, bayan ruwan 2 ga Yuli 2011 da ya nutsar da titunanta, ta fitar da tsari a 2012 wanda ya mai da wasu filayen shaƙatawa matattarar ruwa na ɗan lokaci. Ga "matattarar malala" nan ta samu.

Na san za a ce ana faɗin malalar mai. Haka ne, amma da zarar an sa "ruwan" a gaba, ba mai ruɗewa.

Abin da ya rage shi ne "drainage". "Lambatu" da "kwalbati" sassa ne kawai, ni "magudanar ruwan malala" nake gani don tsarin baki ɗaya. Ya ɗan yi tsawo. Injiniyoyi, a wurin aiki me kuke cewa?