Waƙar da Muka Rubuta da Wadda Mutane Suka Ji: Abin da Ya Sami Matasan Mawaƙan Jos

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta waƙa. Ina son kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa a kan waƙar da ya rubuta da wata manufa, amma masu sauraro suka ba ta wata fassarar dabam. Tawa a kan mahaifina na yi ta, wanda yake da shagon atamfa a babbar kasuwar Terminus kafin gobarar da ta cinye ta a watan Fabrairun 2002. Ina goye a lokacin, saboda haka ban san kasuwar ba sai a bakinsa, domin tun da ya koma kasa kaya a kan tebur a bakin titi, ba ya wuce ginin nan ba tare da ya nuna mini wajen da layinsu yake ba. A cikin waƙar na sa shi yana yi wa kasuwar magana kamar yadda ake yi wa macen da ta tafi ba sallama. Yanzu ana sa ta a gidajen biki, 'yan mata suna aika wa samarinsu, har ana tambayata sunan yarinyar da ta yaudare ni. Shin in fito in bayyana, ko in ƙyale?

'Yar Rikkos:
Wa alaikumussalam. Yaya, ka gode wa Allah da fassarar da aka yi wa taka ba ta tayar da ƙura a gidanku ba. Ni ba na rerawa, rubutawa nake yi in ba wasu. Na yi wata a kan kakata, wadda ta yi ƙuruciyarta tana wankin kuza a wajen Bukuru, tana ɗaukar kwanon ƙasa a ka daga bakin rami zuwa bakin ruwa, kuma da wannan kuɗin ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. A baiti na uku na ambaci wadda ta tarar da tuwo a kwano ba ta san wanda ya tuƙa ba, kuma kaina nake nufi da sauran jikokinta. Abokiyar zaman mahaifiyata ta ji waƙar a wayar ɗanta, ta ce habaici aka sa ni in yi mata. Sai da Baba ya tara mu, na ɗauko littafin da na rubuta ta, na karanta musu ɗango bayan ɗango, sannan aka samu maslaha. Tun daga nan, duk waƙar da ta taɓa gidanmu sai na karanta wa mutanen gidan kafin ta shiga situdiyo.

Mai Fiyano, Bauchi Road:
Ni ɗora kiɗa ne aikina, kuma abin da nake gani kullum shi ne mawaƙin ne da kansa yake fara karkatar da waƙarsa. Yaro zai zo da baitocin da in ka karanta su a takarda sai jikinka ya yi sanyi, amma ya ce in sa masa kiɗa mai zafi wanda zai karɓu a wajen biki, a kuma nemo 'yar amshi mai zaƙin murya. Mutumin da yake rawa ba ya bin ma'anar baiti, amshi kawai yake riƙewa. Ƙanena Ɗan Gangare, in da da gurmi ko kuntigi kaɗai ka rera taka, da wuya a kai ta gidan amarya.

Ɗan Unguwar Rogo:
Tawa da gangan na rufe ta. Ina da aboki da muka tashi gida yana kallon gida, shi Kirista ni Musulmi, mahaifiyarsa tana aiko mana da abincin Kirsimeti, tamu kuma tana aika musu da naman layya. Bayan rikicin watan Nuwamban 2008 suka sayar da gidan suka koma wata unguwa, kamar yadda iyalai da yawa daga kowane ɓangare suka yi, har garin ya kasu yadda muke ganinsa a yau. Ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma yi ban kwana ba, kawai wata safiya na ga an ɗaure katifu a kan mota.

Da na girma na zo rubuta abin, na cire sunan unguwa, na cire addini, na cire shekara. Abin da ya rage shi ne yaro yana tsaye a ƙofar gida cikin sanyin hunturun Jos, yana jiran wanda suke tafiya makaranta tare. Wasu sun ce ta'aziyya ce, wasu sun ce soyayya ce, ban kuma musa wa kowa ba. Dalilina shi ne, ranar da na faɗi asalinta, ranar za a fara tambayata wane ne ya fara, wane ne ya fi asara, waƙar kuma ta zama ta ɓangare guda. Wata rana bayan na rera ta a wani taron matasa, wani dattijo daga ɗaya ɓangaren ya riƙe hannuna, ya tambaye ni a wace unguwa muka zauna. Ban faɗa masa komai a kan waƙar ba kafin nan, shi ma bai ƙara wata magana ba bayan na ba shi amsa.

Malam Mai Alli:
'Ya'yana, ni na girme ku duka, kuma ina koyar da Hausa a sakandare, amma a ƙuruciyata na rubuta waƙoƙi 'yan ƙwar biyar, wato masu ɗango biyar a kowane baiti, da yawa. Uzurin Ɗan Unguwar Rogo karɓaɓɓe ne, domin rufin da ya yi yana da dalili. Sai dai ba kowane rufi ne hikima ba. Ɗalibaina sukan kawo mini baitoci, in tambaye su abin da suke nufi, sai in tarar amsa-amo ne, wato neman sautin ƙarshen ɗango ya zo ɗaya, ya ja su zuwa kalmar da ba su yi niyya ba, daga baya su ce zurfi ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, da kuntiginsa kaɗai ya yi wa karen mota da ma'aurata da sauran talakawa waƙa, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi a fassara masa ba, alhali har yau ana nazarinsa a jami'o'i. Na taɓa rubuta wata a kan rashin biyan albashin malamai, na lulluɓe ta saboda tsoro har abokan aikina suka ɗauka wa'azi ne a kan haƙuri, suka yi ta yi mini addu'a.

Ɗan Gwari, Farin Gada:
Malam, tawa akasin taku ce. Na yi wa wata yarinya mai zuwa sayen tumatir da kabeji a rumfarmu waƙa, soyayya ce tsagwaronta, amma wani ɗalibin Jami'ar Jos ya zo ya ce mini ya gano Najeriya nake nufi da yarinyar. Na ce masa Allah Ya ƙara basira. Ita kuwa ta gane, kuma an riga an kai gaisuwa gidansu.

'Yar Rikkos:
Allah Ya sanya alheri. Akwai wani ɓangaren da ba a taɓo ba, wanda ya fi damun irinmu masu sayar da rubutu. Wata waƙa da na yi wa ƙawata da ta rasu wajen haihuwa, wanda ya saya ya cire baitoci biyu, ya cusa sunan wani ɗan takara da kirarinsa, aka yi ta sa ta a motocin yaƙin neman zaɓe. Ba mu yi wata yarjejeniya a rubuce ba, don haka da na yi magana ya ce ai ya biya. Malam Mai Fiyano, ku da ake yin irin wannan ciniki a gabanku, akwai waɗanda suke rubuta sharaɗin cewa ba za a taɓa baitocinsu ba? In akwai, ina son ganin yadda suke tsara takardar.