Tsohon mijina ya ce rancen da na ba shi taimako ne, shin kotu za ta karɓo mini kuɗina?

Maman Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wani lamari da ya hana ni barci. A shekarar 2022, muna zaune lafiya a Kano, mijina ya roƙe ni rancen naira 850,000 domin ya cika kuɗin adaidaita sahu, bisa alkawarin zai riƙa biyana da kaɗan-kaɗan. Na sayar da sarƙar gwal ɗin da mahaifiyata ta bar mini, na haɗa da kwasar adashina, na tura masa 600,000 ta banki, ragowar kuma na damƙa masa hannu da hannu a ɗakina, babu kowa sai ni da shi. Sau biyu ya turo mini 50,000, daga nan shiru. Bara aurenmu ya mutu, kuma da yayana ya tuntuɓe shi sai ya ce ai taimako ne irin na mata da miji. Ba mu rubuta komai ba. Shin ina da abin riƙewa a gaban alƙali?

Barista Mai Nazari:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Rashin takarda ba ya kashe bashi, domin yarjejeniyar baki ma tana da ƙarfi a doka, amma nauyin tabbatar da cewa rance ne yana wuyanki. Takardar bayanan asusunki za ta nuna kuɗi sun shiga hannunsa, sai dai ba za ta faɗi dalilin shigarsu ba. A ganina, 50,000 ɗin nan da ya turo sau biyu ita ce babbar hujjarki, saboda wanda aka yi wa kyauta ba ya fara mayarwa. Ki duba abin da ya rubuta a wurin bayanin turawar, ki kuma binciki saƙonninku na WhatsApp. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da irin waɗannan hujjoji, idan an haɗa su da takardar tabbatar da na'urar da aka ciro su, don haka kada ki sayar da wayar, kada kuma ki goge komai.

Akwai Kotun Ƙananan Ƙararraki a Kano, wadda aka tsara domin ta gama shari'ar bashi cikin kwana 60, kuma kina iya tsayawa da kanki ba lauya. Kafin shigar da ƙara, dole ne ki fara aika masa takardar neman biya. Ina roƙonki kada ki kai shi wurin 'yan sanda, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla, kuma yana iya juyowa ya yi ƙararki a kan tauye masa haƙƙi.

Malam Na Zaure:

Barista ya yi bayani mai gamsarwa, zan ƙara da ɓangaren kotun shari'ar Musulunci, tunda ku duka Musulmi ne. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji, saki kuma ba ya goge bashi. Ƙa'idar ita ce mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa ya yi rantsuwa. A mazhabar Malikiyya, da'awar dukiya tana tabbata da maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarki. Ki tuna da kyau, ko ya taɓa cewa "zan biya ta" a gaban yayanki ko wani dattijo, domin iƙirari ya fi kowace shaida ƙarfi. Game da 250,000 da kika ba shi ku biyu kuwa, idan ya musa, rantsuwa ce za ta raba ku, kuma na ga mutanen da suka taurare har aka ɗauko Alƙur'ani, sannan jikinsu ya yi sanyi suka amsa. Wannan ne ya sa aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi.

Yaya Talatu:

Ƙanwata, na bi wannan hanya, kuma abin da ba a gaya mini ba shi ne samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Alƙali ya ba ni gaskiya, amma sai da na ƙara wata takwas ina zarya, ina zaman benci tun safe da jaririya a baya, kafin aka tsara masa biya duk wata. Idan ya nemi sulhu, ki karɓa, amma a rubuta adadi da ranakun biya, a kai gaban alƙali ya mayar da shi hukunci, ta yadda in ya saɓa za a iya neman umarnin cire kuɗin daga asusunsa. Kuma kada ki yarda ya lissafa kuɗin ciyar da Khalifa a cikin biyan bashin, domin wancan wajibinsa ne na uba.

Maman Khalifa:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba tsohuwar wayata cikin dare, na sami saƙon muryarsa inda yake cewa in ƙara masa haƙuri zuwa bayan Sallah zai cika mini ragowar kuɗina. Gobe zan je banki karɓo takardar asusun, kuma yayana ya ce zai raka ni wurin magatakardar kotu ranar Litinin.