Wace hukuma ce ke da alhakin birnin Kano a dunƙule?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da ma'aikatan da suka san harkar tsara birane. An raba birnin Kano da kewayensa tsakanin ƙananan hukumomi takwas, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Sai dai mutumin da yake kwana a Rijiyar Zaki, yake kasuwanci a Kantin Kwari, 'ya'yansa kuma suke karatu a Tarauni, a gari ɗaya yake rayuwa, ko da kuwa yana tsallake iyakokin hukumomi uku ko huɗu kafin azahar. Ruwan da ya sauka a cikin badala yana bin rafin Jakara ya ratsa Fagge ya fita ta Ungogo, ba tare da ya tsaya a iyakar wani ciyaman ba. To, wace hukuma aka ɗora wa nauyin duba birnin gaba ɗayansa, kuma wa ya zaɓe ta? Shin ya fi dacewa a haɗe takwas ɗin su zama ɗaya, ko a kafa wata majalisa a samansu?

Tsohon ma'aikacin tsara gari ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, amsar ita ce gwamnatin jiha ce ke riƙe da birnin, ko da yake ba a kafa ta domin hakan ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya san matakai uku ne kawai, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, bai tanadi wani mataki na babban birni ba. Jadawalinsa na huɗu ya ba wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da sanya wa tituna suna, amma da yake waɗannan ayyuka sun fi ƙarfin hukuma guda a gari mai girman Kano, sai jiha ta riƙa kafa hukumominta: KNUPDA domin tsara gine-gine, REMASAB domin shara, KAROTA domin zirga-zirga, ga kuma hukumar ruwa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara ƙarfafa wannan, domin ta sanya filayen cikin birni a hannun gwamna.

Ba sabon tunani ba ne a ɗauki Kano a matsayin gari ɗaya. Tun farkon shekarun 1960 aka yi wa birnin da kewayensa tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion, masanin da ya jagoranci aikin. Birnin ya daɗe da tsere wa wannan tsari.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gefen gari. Manomi ya sayar da gonarsa, dillalai su yanka ta awon igiya, a bar lungu wanda ko adaidaita sahu ba zai juya a ciki ba, ba filin makaranta, ba hanyar magudanar ruwa. Ƙaramar hukuma tana ganin izinin gini aikin jiha ne, hukumar jiha kuma ba ta da ma'aikatan da za su bi kowane ƙauye da gari ke haɗiyewa, sai bayan unguwa ta cika da mutane sannan a fara maganar rusau da diyya, alhali da an shata tituna tun gonakin suna gonaki, da abin da za a kashe bai taka kara ya karya ba. Lissafin takwas ɗin ma ya tsufa. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana cikin Dawakin Tofa, matatar ruwa ta Tamburawa tana cikin Dawakin Kudu, kuma babu mai cewa waɗannan ba jijiyoyin birnin ba ne.

Ga ɓangare na biyu na tambayarka, babu wanda mazauna birnin suka zaɓa musamman domin birnin. Gwamna na ƙananan hukumomi 44 ne, shugabannin hukumomin jiha irin su KNUPDA kuwa naɗa su ake yi, suna tafiya idan gwamnati ta tafi.

Malama mai koyar da ilimin mulki ta amsa:

Allah ya saka wa Baba da alheri bisa wannan bayani. Ni dai ba na goyon bayan haɗewa, saboda dalilai biyu. Na farko, sunayen ƙananan hukumomi 774 suna cikin kundin tsarin mulki, taɓa su kuwa doguwar tafiya ce, kamar yadda Legas ta gani lokacin da ta ƙirƙiri sababbi 37 a 2003, gwamnatin tarayya ta riƙe mata kuɗin ƙananan hukumomi, har magana ta kai Kotun Ƙoli. Ga shi kuma wani kaso na kuɗin da ake raba wa ƙananan hukumomi duk wata daga asusun tarayya ana raba shi daidai wa daida ne, don haka ba ɗan siyasar da zai yarda kaso takwas su koma ɗaya. Na biyu, matar da ke neman takardar haihuwa ko gyaran rijiyar burtsatse a Sheka tana buƙatar kansilan da ta sani, kuma hukuma guda mai miliyoyin mutane za ta yi mata nisa.

Abin da ya faru a Landan ya cancanci a yi nazarinsa. A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar babban birnin, aka rarraba ayyukanta tsakanin gundumomi da wasu kwamitoci. Birnin ya yi shekara 14 a haka, har aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 1998, sannan a 2000 aka zaɓi magajin gari na farko, Ken Livingstone, tare da majalisa mai mutum 25 da ke sa masa ido. Ba a rushe gundumomi 32 ba. An bar musu kwashe shara da ƙananan tituna da galibin izinin gini, aka ɗauko sufuri da babban tsarin bunƙasa gari aka ba wa magajin gari. A ganina wannan rabon aiki shi ne ya kamata mu yi koyi da shi, kuma majalisar dokokin jiha tana iya fara wani abu makamancinsa da dokarta, ta hanyar kafa majalisar birni wadda ciyamomin takwas da na maƙwabtansu za su zauna a cikinta, a kuma tilasta wa hukumomin jiha su gabatar mata da kasafinsu da rahotonsu a bainar jama'a.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya amsa:

Malama, a nan Nijar mun riga mun gwada tsari mai hawa biyu. Yamai tana da gundumomi biyar, Damagaram biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu, kowace gunduma da nata magajin, sannan ga majalisar birni a sama wadda ke zaɓar babban magajin gari. A takarda tsarin ya yi kyau. Amma harajin da birni ke tarawa kaɗan ne, kuma a watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun, suka naɗa masu riƙon ƙwarya. Ina roƙon duk mai neman wannan gyara a Kano ya fara tambayar daga ina majalisar za ta samu kuɗinta, kuma wa ke da ikon sallamarta.

Tsohon ma'aikacin tsara gari ya sake amsawa:

Maganar ɗan'uwanmu na Maraɗi ita ce ƙashin bayan lamarin. Ina tare da Malama a kan majalisar ciyamomi, amma ba na zaton akwai gwamnan da zai sa hannu a dokar da za ta haifar da zaɓaɓɓen magajin gari mai ƙuri'un dukan birnin a bayansa, don haka a fara da abin da zai yiwu. Lokacin ma ya dace. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwarsu da jiha ba. Idan aka aiwatar da hukuncin sosai, dole ciyamomin nan su zauna su yarje wa juna a kan nawa kowa zai zuba wajen yashe Jakara, da kuma inda za a riƙa zubar da sharar da Fagge ke tarawa alhali ba ta da filin binne ta. Da ni za a tambaya, abu na farko da zan sa a gabansu shi ne taswirar tituna da magudanan ruwa na gonakin da ke kan hanyoyin Gwarzo da Katsina da Haɗeja, a shata su a kafa alamu kafin dillalai su kai igiyarsu wurin.