Ina zan samu adadin kabilun da ke Fagge?

Salam yan uwa, don Allah a taimaka min, aikin makaranta ne ya tsaya min cak. Malaminmu ya ce in kawo kason kabilun da ke karamar hukumar Fagge, Hausawa nawa, Ibo da Yarbawan Sabon Gari nawa, har da Kwarorin Kantin Kwari (wato yan asalin Lebanon da Siriya), to matsalar ita ce kidayar 2006 jimilla kawai ta bayar, kusan mutum dubu 200, ba a tambayi kabila ko addini ba sam. Ta 1963 ce ta tambaya, ita kuma lokacin ai babu Fagge a matsayin karamar hukuma. Ba na son in rubuta kintace wallahi. Akwai wanda ya san binciken da aka yi unguwa-unguwa, ko rijistar masu unguwanni za ta yi?