"In the limelight" da "ludayinsa na kan dawo": abu ɗaya ne?

Ɗalibar Turanci: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce idan Bature ya ce wane yana "in the limelight", daidai yake da a ce ludayinsa na kan dawo. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kuma tunda "lime" lemun tsami ne, me ya haɗa shi da shahara?

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba lemo ake nufi ba, farar ƙasa ce da aka gasa, dangin wadda ake yin siminti da ita. Idan aka hura mata wutar iskar oksijin da haidirojin, sai ta yi fari fat, tana fitar da haske mai kashe ido. Wani injiniya mai suna Thomas Drummond ya yi aikin safiyo da irin wannan fitila a shekarun 1820, gidan wasan Covent Garden na Landan kuma ya kunna ta a 1837. Mutum guda ke riƙe da fitilar, duk inda babban ɗan wasa ya taka sai ya bi shi da hasken. Zuwan lantarki ya kori fitilar, amma maganar ta zauna a bakin Turawa.

Yayan Ummi: To ai malaminta bai yi kuskure ba, Malam. Wanda haske ke bi, zamaninsa ne.

Malam Bazazzagi: Da sauran magana, ɗana. Mai ludayi kan dawo yana da iko, ana damawa da shi, yana kuma sha. Ita kuwa "limelight", idon jama'a kawai take nufi. Ministan da asirinsa ya tonu, 'yan jarida suka yi masa caa, shi ma ana faɗa masa ita. Wa zai ce ludayinsa na kan dawo?

Hajiya Mai Atamfa: Ni "yana tashe" ta fi kwanta mini. Ku dubi Neil Armstrong. Ya taka wata a 1969, duniya ta san shi, amma a 1971 ya koma koyarwa a Jami'ar Cincinnati, ya rage hulɗa da 'yan jarida. Turawa suka ce ya guji "limelight". Shahararsa tana nan daram, tashen ne ya ƙi.

Yayan Ummi: Hajiya, a gafarce ni, tashe ma da daɗi ake faɗarta. Ba a cewa ɓarawon da aka kama yana tashe.

Hajiya Mai Atamfa: Wannan kam gaskiyarka. To 'yata, in yabo ne ki rubuta "tauraronsa na haskawa", in kuwa abin kunya ne ki ce "ya shiga bakin duniya".

Ɗalibar Turanci: Na gode, iyayena. Gobe zan kai wa malam misalin ministan nan, in ji me zai ce.