Zanen gine-gine da koyarwa a jami'a: ana iya haɗa su?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe ta digirin farko a fannin zanen gine-gine a Jami'ar Bayero, kuma burina shi ne in zama farfesa mai koyar da tsara birane, ba tare da na bar karɓar aikin zane a waje ba. Shin hakan mai yiwuwa ne, kuma ta ina ake farawa?

Malamin Fagge:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yana yiwuwa, sai dai hanyar tana da tsawo. Bayan shekara 4 na digirin farko akwai shekara 2 na digiri na biyu, sannan hidimar ƙasa da aiki ƙarƙashin wani mai lasisi, kafin ka zauna jarrabawar ƙwarewa ka yi rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya. Idan ba ka da wannan rajista, ba za ka buga hatiminka a kan zanen da za a kai hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ba. A jami'a kuwa, ba a kai wa kujerar farfesa sai da digirin digirgir da binciken da aka wallafa.

Hajiya Malama:
Ɗana, ina ba ka shawara ka ɗauki Kano kanta a matsayin fagen bincikenka. Mai zanen gida yana duba fili ɗaya ne, amma mai tsara birni yana duba yadda titi da kasuwa da magudanar ruwa suke haɗuwa. Ka dubi kududdufan cikin birni, waɗanda suka samu daga haƙar ƙasar tubali, suna riƙe ruwan damina; da aka riƙa cike su ana gini a kai, sai ruwan ya koma lunguna da zaurukan mutane. Haka nan ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu tana ta zaizayewa, kuma tsarin shekara 20 da mai tsara birane Trevallion ya yi wa birnin daga 1963 zuwa 1983 tuni yawan jama'a ya wuce shi.

Maginin Kurna:
Ban musa abin da aka faɗa ba, amma lokaci ba ya rabuwa daidai. Ajin zane yana buƙatar malami ya zauna kan teburin kowane ɗalibi yana gyara masa da fensir, alhali mai gini yana kira daga wajen aiki cewa an fara zuba kankare. A ganina ka fara samun rajistarka, ka yi wasu shekaru tare da birkiloli da kafintoci, sannan ka nemi gurbin koyarwa.